Albam mai aljihu: Yadda ya kamata a adana kan sarkin Najeriya kafin gam da danshi su cinye shi

A gidaje da dama a Kano da Zariya da Katsina, idan dattijo ya rasu aka buɗe adakarsa don rabon gado, akan tarar da takardun fili da rasiɗai da tsofaffin wasiƙu. Wani lokaci kuma a ci karo da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, an cika shafukansa da kan sarki na gidan waya, an liƙe su da gam ko salatif. Magada kan duba su yi murmushi, su miƙa wa yara su yi wasa. Ba kasafai ake tsayawa a lura cewa waɗannan 'yan takardun suna ɗauke da tarihin ƙasa na fiye da shekara ɗari ba, kuma yadda aka liƙe su ne ya fara kashe su.

Sunan da Bahaushe ya raɗa musu ma tarihi ne. Kan sarki na farko a duniya ya fito a Ingila a 1840, ɗauke da kan Sarauniya Victoria. Legas ta samu nata a 1874, yankin Arewacin Najeriya kuma a 1900, shi ma da kan wannan sarauniya, kafin na Sarki Edward na Bakwai ya biyo baya a 1902. A 1904 aka buga wa Arewa wani na fam 25, wanda a yau yake cikin mafiya wuyar samu a duk Afirka ta Yamma. Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai sunan Najeriya kaɗai ya rage a jiki. Jerin da aka fitar a 1953 ya nuna mahaya dawakin Borno da gyaɗar Kano da gadar Jebba da haƙar kuza da fatu da ƙiraga, wato abin da ƙasar ke tinƙaho da shi a lokacin. Akwai na samun 'yancin kai a 1960, akwai waɗanda Biyafara ta fitar tun daga 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, sannan a 1973 sule da fam suka ba naira da kobo wuri. Wanda ya jera su bi da bi ya mallaki littafin tarihin da gwamnatoci suka rubuta da hannunsu.

Shekaru da yawa, hanyar da masu tara kan sarki suka sani ita ce amfani da wata 'yar siririyar takarda mai danƙo. Akan naɗe ta biyu, a jiƙa, a manna rabi a bayan kan sarkin, rabi a shafin albam. Ta fi gam da salatif nesa ba kusa ba, amma ita ma tana barin tabo. Kan sarkin da ba a taɓa aika wasiƙa da shi ba yana da danƙonsa na asali a baya, kuma da zarar an jiƙa wurin, shi ke nan, ba ya komawa yadda yake. In aka zo ɓamɓarewa da gaggawa, takardar kan sirance ko ta yage. Shi ya sa a kasuwannin gwanjo da kundayen farashi irin na Stanley Gibbons, kan sarkin da danƙonsa bai taɓu ba ya fi wanda aka taɓa liƙawa daraja, wani lokaci ninkin-ba-ninkin.

Albam mai aljihu an ƙirƙiro shi ne don magance wannan. A kowane shafi an buga gurbin kowane kan sarki da shekararsa, galibi har da hotonsa, sannan an manna ɗan aljihun roba garai-garai daidai girmansa. Ana zura kan sarkin a ciki da matsefata, ba ruwa, ba yawu, ba gam. Ana iya fito da shi a duba bayansa a mayar. Masu inganci ana yin shafukansu da takarda mai kauri wadda ba ta da sinadarin asid da ke sa takarda ta yi ja ta ruɓe, aljihunan kuma da robar da ba ta tsatsafo da mai. Kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a sun haɗa da Leuchtturm da Lindner da SAFE a Jamus, da DAVO a Holan, da Yvert et Tellier a Faransa.

Ga wanda ya ƙuduri aniyar haɗa kan sarkin ƙasa guda daga farko zuwa yau, irin wannan albam ya cancanci kuɗinsa. Dalili na farko shi ne hannu. Yawancin ɓarnar da ake yi wa kan sarki tana faruwa ne lokacin da ake nuna wa baƙi, a taɓa da yatsa mai gumi ko maiƙo, haƙoran gefensa su lanƙwashe. Aljihu yana ba mutum damar kallo ba tare da taɓawa ba. Dalili na biyu shi ne tsari. Gurbin da ya zauna fayau a shafi yana gaya wa mai tarawa abin da ya rage masa, yana kuma gaya wa magajin da bai san komai a harkar ba cewa wannan abu ne da aka tsara da gangan, ba tarkace ba ne. Littafin makaranta mai gam yakan ƙare a bola, amma albam mai bango da kube yakan sa magada su yi tambaya kafin su yar.

Masu suka suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Waɗannan albam da kuɗin Yuro ko fam ake sayensu, ga kuɗin dako, ga halin da naira ke ciki. Ƙasa guda takan ci mujalladi da yawa, kuma kowace shekara sai an sayi ƙarin shafuka. Ban da haka, mafi yawan kan sarkin da ke gidajen mutane an buga su da miliyoyi, kuɗin aljihun da za a sa su ma ya fi nasu. Labarin kan sarkin nan na British Guiana da aka sayar a kan kusan dala miliyan 9.5 a New York a 2014 yakan ruɗi mutane su zaci kowace tsohuwar takarda dukiya ce, alhali shi guda ɗaya ne tak aka sani a duniya. Magidancin da ke fama da kuɗin makaranta da na abinci ba shi da laifi idan ya ce wannan abin masu hannu da shuni ne.

Amsar ita ce a bi abin daki-daki. Matakin farko ba ya buƙatar ko sisin kwabo: a daina gam, a daina salatif, a daina ƙoƙarin ɓamɓare wanda aka riga aka liƙe da ƙarfin tsiya. Mataki na biyu shi ne littafin ajiya mai layukan roba ko na takarda mai sheƙi, wanda ake zura kan sarki a jere. Ba shi da gurbi bugagge, amma shi ma ba ya buƙatar liƙi, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa ba. Sai tarin ya yi nisa, an samu jeri cikakku ko tsofaffi na zamanin Turawa masu danƙonsu, sannan albam mai tsada ke da ma'ana. Abin da ya fi muni shi ne a ruga a sayi albam ɗin hotuna na kasuwa don yana da araha. Yawancinsu da roba mai laushi ta PVC ake yi, wadda ke fitar da mai a hankali, ya ɓata launi, ya manne da takarda. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Ko albam mafi tsada ma ba ya kare kan sarki daga yanayin ƙasar Hausa idan aka yi sakaci. Masu adana takardu suna son laimar iska ta tsaya kusa da kashi 50 cikin 100, ba hawa da sauka. A Kano kuwa takan haura haka sosai a watan Agusta, sannan ta faɗi ƙasa da kashi 20 da hunturu. Da damina danƙon baya yakan yi laushi ya manne da aljihu, funfuna ta fito, ɗige-ɗige masu launin tsatsa su bayyana. Da hunturu takarda takan bushe ta nannaɗe, ƙura ta shiga ko'ina. Ga gara da kyankyaso, waɗanda danƙo abinci ne a wurinsu. Saboda haka ana ajiye albam a tsaye kamar littafi a kanta, domin in aka ɗora wani kan wani nauyi ne ke matse danƙo. A nisanta shi da bango da ƙasa da hasken rana, a sa shi cikin kubensa, a jefa 'yan ƙunshin tsakuwar nan mai tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, a riƙa canja su. Lokaci zuwa lokaci a buɗe shafukan su sha iska a ranar da gari ya bushe.

Akwai kuma wani haɗari da albam ɗin kansa ke jawowa. Da yake gurbin kan sarki kaɗai aka tanada, sabon shiga yakan ɗauki almakashi ya yanke shi daga tsohon ambulan don ya cike shafi. Wannan babbar asara ce. Ambulan mai hatimin gidan wayar Zungeru ko Lakwaja, garuruwan da suka riƙe hedikwatar Arewa kafin Kaduna, yana faɗin wa ya rubuta, daga ina, zuwa ina, a wace rana, kuma nawa aka biya. Haka wasiƙun alhazai da na sojoji da na ɗaliban da suka yi karatu a waje, da amsoshin da gidajen rediyo na ƙetare suka riƙa aiko wa masu sauraron sashensu na Hausa. Kan sarkin da ke jiki wataƙila akwai dubbansa, amma ambulan ɗin ɗaya ne. Akwai shafuka masu manyan aljihu da aka yi domin ambulan, su ya kamata a nema.

Manyan kamfanonin albam sun fi karkata ga ƙasashen da suke da masu saye, wato Turai da Amurka da makamantansu. Mai tara kan sarkin Najeriya ko Nijar yakan koma ga shafuka marasa rubutu ya tsara da kansa. A nan ne hukumar gidan waya ta NIPOST, wadda aka kafa a 1985 bayan raba ta da ɓangaren tarho, take da rawar da za ta taka. Ita ce ke fitar da kan sarki, ita ce ya kamata ta wallafa cikakken jerinsu da kwanan wata da bayani, cikin Turanci da manyan harsunan ƙasa, ta haɗa kai da maɗaba'un cikin gida a buga shafuka a kan takarda mai inganci. Ko aljihunan kaɗai aka shigo da su, farashin zai sauko.

Bayan haka akwai buƙatar tarin da jama'a za su iya gani. Babban ɗakin karatu na Birtaniya yana riƙe da tarin da Thomas Tapling ya bari wasiyya a 1891, da kuma taskar wakilan gwamnatin da suka riƙa sa a buga wa ƙasashen mulkin mallaka kan sarki. Ɗalibin tarihi a Zariya bai kamata sai ya nemi bizar Landan kafin ya ga kan sarkin Arewa na 1900 ba. Gidan Arewa da ma'adanar takardu ta ƙasa a Kaduna, da Gidan Makama a Kano, wurare ne da suka dace su mallaki cikakken jeri, a albam mai aljihu, a ɗakin da ake kula da laimarsa. Idan aka kwatanta da abin da ake kashewa a taron buki guda, wannan ƙaramin kuɗi ne. Ranar 9 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce Ranar Gidan Waya ta Duniya, kuma lokaci ne da ya dace a baje irin wannan tari ga 'yan makaranta, waɗanda da yawansu ba su taɓa manna kan sarki a ambulan ba.

Kafin hukumomi su motsa, aikin yana wuyan iyalai. Duk wanda ya gaji adakar mahaifi ko kaka, ya fito da takardun kafin damina mai zuwa, ya ware ambulan a bar su yadda suke, ya ɗauki hotonsu da waya, ya sa su a busasshen wuri. Albam mai tsada zai iya jira har a samu hali. Abin da gara ta ci ko funfuna ta ɓata kuwa, ba a sake buga shi.