Wa Ya Ƙirga Buhunan?

Duk wanda ya san cinikin citta a kudancin Kaduna ya san ba a loda mota sai an ƙirga buhuna an rubuta, in an isa kuma a sake ƙirgawa. To, haka saƙo yake tafiya a intanet. Kwamfuta kan yayyanka shi ƙunshi-ƙunshi, ta haɗa jimillar lambobin da ke cikin kowane ƙunshi ta liƙa masa. Wadda ta karɓa sai ta sake lissafi. In jimillar ta saɓa, ta yar da ƙunshin a aiko wani.

Don a rage wa kwamfuta aiki, sai aka ɗora wannan lissafi a kan katin sadarwa, wato 'yar na'urar da ke haɗa ta da layi. Shi ke dubawa, ya shaida wa zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar cewa kaya sun iso lafiya. Dabara ce mai kyau, sai dai ta dogara kacokan a kan amana.

A shekarar 2015 injiniyoyin kamfanin Twitter a Amurka suka ga gurɓatattun bayanai suna isa ga manhajojinsu. Da suka bi sawu, sai suka tarar wata na'urar sadarwa ce ta lalace tana ɓata saƙo. Abin mamakin shi ne, wani sashe na zuciyar Linux mai suna veth yana buga wa ƙunshi hatimin "ba sai an duba ba", har da wanda katin bai tantance ba. Vijay Pandurangan da abokan aikinsa suka gyara kuskuren, bayan ya shafe aƙalla shekara uku a ɓoye. Kowa ya ɗauka wani ya ƙirga buhunan.

Kada ɗalibin harshe ya ce ina ruwansa. A wurin kwamfuta, harafin K lamba 75 ne, J kuwa 74. Ƙwayar bayani ɗaya tak ta raba su. In ta juye, Fadan Kaje ta koma Fadan Jaje, kaka ta zama jaka. Duka kalmomin Hausa ne lafiyayyu, don haka mai karatu zai iya wucewa bai ankara ba. Ɓacin saƙo a hanya kuwa ba almara ba ne. A 2000 Jonathan Stone da Craig Partridge sun nuna cewa ƙunshi ɗaya cikin 1,100 zuwa ɗaya cikin 32,000 yakan faɗi wannan jarrabawa ta lissafi.

Ni a ganina, laifin ba na raba aiki ba ne, na shaidar zur ne. Mu ma muna yin irinta. Mai bugu ya ce malami zai duba, malami ya ce ɗalibi ya riga ya duba, kundi ya shiga laburare da kurakuransa. Ga shi kuwa tatsuniyoyin da muke tattarowa da Hausa da Jju da Tyap daga bakin tsofaffin Zonkwa da Kafanchan, wasunsu ba za a sake samun mai faɗarsu ba.

Shawarata ita ce, kowane rubutu mai muhimmanci a ajiye shi wuri biyu, a riƙa gwada kwafi da asalinsa, kuma kada wani ya sa hannu cewa ya duba alhali bai karanta ba. Hausawa dai sun ce gani ya kori ji.