Man Kaɗanya: A Auna Ingancinsa Kafin A Yi Ciniki

Malamin gona da manomi, kun san cewa a watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya zuwa ƙetare na tsawon wata 6, domin a riƙa sarrafa ta a gida. Sai dai dokar ba za ta ƙara wa matar da ke yin man kaɗe a Angwan Iya ko sisi ba, muddin mai saye daga Abuja ne zai lakato man da yatsa, ya sansana, ya yanka farashi.

Kamfanonin man shafawa suna biyan kuɗi ne saboda sinadaran da ke cikin man, irin su bitamin E da dangin fenol, masu hana iskar oksijin lalata shi har ya yi wari. Ido ba ya ganin su, amma ana iya auna su da na'urar bayosensa, 'yar'uwar wadda masu ciwon sukari ke gwada jini da ita. Ana ɗora wani enzayim, kamar lakes da ake samu a jikin naman gwari, a kan ɗan tsinken lantarki. Idan ya haɗu da fenol sai lantarki ya motsa, adadi ya fito. Tana da rauni: zafi irin na watan Maris a Keffi yana iya rage ƙarfin enzayim, kuma ba ta nuna ko man ya riga ya fara tsufa. Wannan sai an gwada asid da feroksayid a ɗakin bincike. Ƙa'idar Codex ta 2017 ta ce asid ɗin mai daraja ta ɗaya kada ya wuce kashi 1 cikin 100.

A ganinmu, kada a jira na'ura. Tun a gida ake asarar ingancin: a tara ƙwara har ta tsira, a shanya a ƙasa, a bar mai ya ƙone a wuta. Ku koya wa mata su tafasa ƙwara cikin 'yan kwanaki da tsintowa, su shanya a kan tamfol, su adana man a mazubi mai murfi nesa da rana. Sannan ƙungiyarsu ta haɗa kuɗi ta kai samfuri ɗakin bincike, misali a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, a tambaya ko suna gwajin. Ranar ciniki su zo da takardar sakamako a hannu.