Masu Nutso Ma Sun Cancanci Lambar Yabo

A duk lokacin da jirgin ruwa ya kife a yankin Sakkwato da Kebbi, labarin yakan zo da jimla guda da ba ta canzawa: jami'an agajin gaggawa da masu nutso na gargajiya suna ci gaba da neman waɗanda suka ɓata. Haka aka ji a Warrah ta ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, inda jirgi ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse a kogin Neja. Haka aka ji a Gidan Magana ta Shagari a watan Afrilun 2022, inda aka rasa rayuka 29, aka kuma sake ji a watan Agustan 2025 da jirgin masu zuwa kasuwar Goronyo ya kife. Ana ambaton gwamna da kwamishina da shugaban hukuma, amma mutumin da ya tuɓe riga ya faɗa ruwa mai laka, yana lalube da hannu a inda ido ba ya gani, har ya ɗauko ɗan wani ya miƙa wa iyayensa a yi masa sutura, shi ba a ko tambayar sunansa. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da gwamnatocin jihohin biyu, tare da Majalisar Sarkin Musulmi da Masarautar Argungu, za su kafa lambar yabo ta shekara-shekara ga waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu a wannan aiki.

Ba baƙon abu ba ne a duniya. Tun da Jacques Cousteau da Emile Gagnan na Faransa suka ƙera na'urar shaƙar iska a ƙarƙashin ruwa a 1943, masu nutso da tukunyar iska suka zama jama'a mai tarihinta da gwanayenta. A Amurka ana ba da lambar NOGI tun 1960, a tsibiran Cayman kuma an kafa zauren karrama fitattun masu nutso a 2000. Da aka ceto yara 'yan ƙwallo 12 da kocinsu daga kogon Tham Luang na Thailand a 2018, Ingila ta ba Rick Stanton da John Volanthen lambar jarumta ta George. Waɗannan suna shiga ruwa da iska a baya da fitila a goshi. Namu suna shiga da numfashin ƙirjinsu kaɗai.

Za a ce ai muna da Argungu, kuma gaskiya ne. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta tabbatar da zaman lafiya tsakanin Kabawa da Sakkwato, kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016. A wasannin Kabanci ana gasar nutso da kamun kifi da hannu da kamun agwagwa, sannan a ranar ƙarshe dubban masunta su ruga kogin Matan Fada da homa da gora. Wanda ya kamo kifi mai kilo 78 a 2020 ya tafi gida da kyauta mai tsoka, kuma Allah ya sanya masa albarka. Sai dai wannan ladan sa'a guda ne, ƙarfi da rabo suka haɗu. Dattijon da ya yi shekara arba'in ana buga masa ƙofa da tsakar dare, wanda kunnensa ya toshe saboda zurfin ruwa, ya kuma koya wa samarin garinsu inda ruwa ke juyawa da inda yashi ke zaftarewa, babu rumfar da ake kiransa a ciki.

Akwai masu cewa lambar yabo ta zube a ƙasar nan, tunda mai kuɗi ke sayenta, kuma gara a kashe kuɗin wajen sayen rigunan kariya da hana lodin da ya wuce kima. Rigunan kariya wajibi ne, babu jayayya. Amma ko an raba su, ruwa ba zai daina cin mutane ba, kuma ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta nuna wa mazaunin birni cewa kogin Rima ba na mutanen ƙauye kaɗai ba ne. Maganin lambar saye kuwa shi ne a fitar da zaɓen daga hannun 'yan siyasa, a bar wa sarakunan ruwa da iyalan da aka taimaka su kawo sunaye, domin su suka san wanda ya shiga da wanda ya tsaya a gaɓa.

Wasu kuma za su ce aikin Allah ne, ladansa yana lahira. Haka ne, amma fatan lada bai sauke mana nauyin godiya ba. Kuma lambar da nake nufi ta wuce takarda a cikin gilashi: a haɗa ta da alawus na wata-wata, da kula da lafiyar wanda aka karrama, da gurbin horo ga matasa biyu ko uku da shi zai zaɓa, su koyi nutso da tukunyar iska a ajiye musu kayan aiki a Goronyo da Shagari da Yawuri. Ɗan masunci da ya ga mahaifinsa ya tsufa hannu wofi, birni zai tafi neman acaɓa, kuma ranar da wani jirgin ya kife za a tsaya a bakin ruwa ana jiran agaji daga Abuja.