A Fitar da Eriyar Sola Waje

A ƙauyukan Dambatta da Bichi, inda gonar gero ke manne da katangar gida, magidanta da dama sun koma sola. Wasu inbatocin kan aika bayanin caji zuwa wayar maigida ta Wi-Fi, amma sau da yawa saƙon ba ya fita daga ɗakin batir.

Ba abin mamaki ba ne. Wi-Fi ɗinsu na aiki a 2.4 GHz, katangar laka mai kauri tana shanye shi, kwanon rufi yana maido shi. Na'urori masu aiki a 433 MHz sun fi shi ratsa gini.

Ya kamata masu haɗa sola su daina rufe na'urar Wi-Fi ɗin cikin akwatin ƙarfe. A ɗaga eriya sama da rufi, a gajarta kebul, domin dogon kebul yana cinye sigina.