ZAUREN 'YAN UWA MATA: Keken Ɗinkin Yaya Da Maganar Tallafi

 

Na san a fitowar da ta wuce na yi muku alkawarin ƙarasa maganar lefe, to amma ku yi mini afuwa, yau wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro. Wasiƙu sun fi biyar da na samu duk tambayarsu ɗaya: wai ina hanyar da mace za ta bi sunanta ya shiga cikin masu karɓar tallafi? Maimakon in amsa wa kowa ita kaɗai, bari in ba ku labarin abin da ya faru da yayata uwa ɗaya uba ɗaya, kuma sai da na nemi izininta kafin in ɗora alƙalami.

Yaya tela ce, a cikin gida take ɗinkinta a nan Kano, tana kuma ƙulla zoɓo da kunun aya idan an yi sa'ar wuta. Maigidanta yana jan Adaidaita Sahu, amma ba nasa ba ne, na wani ne, kullum dare sai ya kai balas ko an samu ko ba a samu ba. 'Ya'yansu biyar, gidan haya suke, ciki da falo. Ba su taɓa zuwa ƙofar kowa roƙo ba, rufin asiri dai alhamdu lillahi.

To sai ga ranar 29 ga watan Mayu 2023, ranar da aka rantsar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Maigidan Yaya sai ya wuni yana yawo a titi, ya sha mai, ya cire balas, abin da zai rage ko cefanen dare ba zai yi ba. Ita kuwa matan da ke kawo mata atamfa uku huɗu daga Kantin Kwari suka koma kawo tsofaffin kaya a rage ko a buɗa. Ga babbar 'yarta ta shiga aji shida na sakandare, kuɗin jarrabawar fita yana tafe.

A watan Oktoba na wannan shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da cewa za a ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 duk wata har wata uku, wato 75,000 ke nan. Jihohi da ƙungiyoyi su ma kowa da nasa rabon. Unguwa ta ɗauka, ko'ina zancen ke nan, a gidan suna, a Islamiyya, a bakin famfo.

Wata ranar Talata aka ce ga masu ɗaukar suna nan sun shigo layin su Yaya. Ba zan kama sunan wanda ya turo su ba. Kafin su iso wata maƙwabciya ta faɗo gidan ko sallama babu ta ce, "Ke maza ki tura keken nan ƙarƙashin gado, firjin kuma a ja shi gidana, in suka gani wallahi kin rasa."

Yaya ta ce, "Haba dai, in yi ƙarya a kan abin da nake cin abinci da shi? Ai ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi."

Ina gidan ranar, don haka da idona na gani. Saurayi ne da 'yar budurwa, da waya a hannu suna dannawa. Ba su yi rashin kunya ba ko kaɗan. Suka tambayi yawan mutanen gida, suka dubi rufi, suka dubi daɓe, suka tambayi banɗaki da inda ake samun ruwa. Sai saurayin ya nuna mashin ɗin da ke ƙofar gida ya ce, "Hajiya, wancan na gidan nan ne?"

Yaya ta ce, "Maigidan ne yake ja, amma ba nasa ba ne."

Ya ce, "To a nan dai ko akwai ko babu zan danna."

Haka aka yi da firji, wanda rabonsa da yin sanyi an fi sati saboda rashin wuta. Haka aka yi da keken ɗinki, wanda tun na kayan ɗakinta ne. Sannan ya kawo tambayar da ta ɗaure mana kai: "Nawa kike samu a wata?"

Jama'a, tela nawa take samu a wata? Wane watan? Idan goman ƙarshe na azumi ne, Yaya ba ta runtsawa, sai ta kai asuba tana taka keke, kuɗi kuwa suna shigowa har ta yi wa yara kayan sallah ta rage bashi. Bayan sallah kuma sai ta yi sati uku ko zare ba ta zura a allura ba. Zoɓo lokacin zafi yake tafiya, da hunturu ya kama shi ke nan. Ma'aikaci yana da amsa guda, albashinsa sananne ne, mafi ƙaranci ma doka ta yanke, naira 30,000 a 2019, aka mai da shi 70,000 a 2024. Mai sana'ar hannu kuwa yau ƙoshi gobe yunwa. Yaya ta tsaya tana lissafi da yatsu, yaron ya ga za a kai shi dare ya ce ta faɗi na watan da ta fi tunawa. Wane wata mace za ta fi tunawa in ba na sallah ba?

Bayan sun tafi na zauna na bi diddigin yadda abin yake, kuma ina so ku fahimta don kada a yi ta zagin mai unguwa a banza. Babbar rajistar gwamnatin tarayya ta masu ƙaramin ƙarfi ba fom ba ce da mutum zai saya ya cika. Mutanen gari ake tarawa, maza daban mata daban matasa daban, su faɗi abin da suke kira talauci a wurinsu, su kuma ambaci gidajen da suke ganin sun fi shiga wani hali. Daga nan ma'aikata su bi gida gida da tambayoyi, kwamfuta ta auna amsoshin ta jera gidaje daga na ƙasa zuwa na sama. Da irin wannan rajistar aka riƙa ba gidaje naira 5,000 a wata a zamanin Shugaba Buhari, ana haɗa na wata biyu a ba da 10,000, kuma akasari mata ne ke karɓa. Wani ɓangare na kuɗin ma daga dala miliyan 322 ne na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta dawo da su.

To ku duba inda gizo yake saƙar. Idan mata sun taru ana lissafa mabuƙata, wa za ta ambaci matar da ake jin ƙarar kekenta har waje, mijinta kuma yana fita da mashin? Za a ce ai su suna da sana'a. Gwauruwa mai marayu ita za a fara faɗa, kuma gaskiya ce, ta fi cancanta, Yaya da kanta ta faɗi haka. Amma a 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban daban a Nijeriya. A cikin wannan taron ai masu sana'a irin su Yaya ba su ƙirguwa.

Sai muka ce to bari mu gwada ɗaya ƙofar, ta masu sana'a. Don an sha yin irinta: a 2018 an yi TraderMoni, rancen naira 10,000 ga ƙananan 'yan kasuwa ba tare da jingina ba, a 2020 kuma lokacin korona an ba masu sana'ar hannu naira 30,000. Muka ji labarin wani wuri da ake karɓar takardun masu sana'a, muka wanke ƙafa muka tafi. Bayan mun sha layi tun hantsi har azahar, matar da ke kan tebur ta ce, "Ina takardar rajistar kasuwancinki? Ina adireshin shago? Ina takardar banki mai nuna shige da ficen kuɗi na wata shida? Kina cikin ƙungiyar teloli?"

Yaya ta ce, "Ranki ya daɗe, a ɗakina nake ɗinki, kuɗina kuma a hannu ake ba ni."

Matar ta ce, "To Hajiya da me zan nuna kina da sana'a?"

A hanya Yaya ta yi wata dariya mai kama da kuka ta ce, "Auta, kin ga ikon Allah? Can an ce ina da sana'a, nan an ce ba ni da ita. Na zama jemage, ba a tsuntsu ba a dabba."

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A watan Janairun 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai, aka kuma tsayar da shirye-shiryen tallafin na wani lokaci don bincike. Da aka dawo sai aka ƙarfafa cewa dole a tantance mutum da lambarsa ta NIN. Nan muka gano wata sabuwa: a katin ɗan ƙasa Yaya sunan mahaifinmu ta sa, a BVN kuwa sunan maigidanta, shekarar haihuwa ma ta sha bamban, layin wayarta kuma da sunan maigidan aka yi masa rajista. Ko da sunanta ya fito, kuɗin ba su da ta inda za su bi su same ta. Aka shiga zaryar gyara, yau kotu neman takardar rantsuwa, gobe banki, jibi a ce babu sabis. Kwana tara muka ƙirga ba ta taka keke ba, har wata amarya ta zo ta kwashe kayanta cikin fushi ta kai wa wani telan.

Wannan ce ta jawo faɗan da ya fi tayar mini da hankali. Maigidan ya ce, "Ke yanzu kin bar na hannu kina bin na daji? Mutane su riƙa ganin matata a layi kamar na kasa?" Ita kuma ta ce, "Malam, kuɗin jarrabawar yarinyar nan fa? Ko keken zan sayar?" Kwana biyu ba wanda ya ce wa wani ci kanka, sai da Umma ta kira su ta yi musu nasiha. Shekara goma sha tara da aure ban taɓa jin kansu ba sai a kan kuɗin da ko ƙwandala ba su gani ba.

A cikin wannan halin ne wani ya bugo wa Yaya waya, murya a natse, ya ce sunanta ya fito, ta karanto masa lambobin da za su shigo wayarta yanzu. Allah Ya taimake mu 'yarta tana kusa, ita ce ta fizge wayar ta kashe. Wata a layinsu da ta karanta, kafin magariba an yashe ɗan abin da ke asusunta, kuɗin adashen mutane.

Ƙarshen zance, tallafi dai bai zo ba. Kuɗin jarrabawa uwar adashe ce ta dubi Allah ta ba Yaya ɗaukar farko, maigidan ya ƙaro da abin da ya tara na fitar dare, ni ma na sa ɗan abin da na samu a littafi. Keke yana nan ba a sayar ba, yarinya kuma ta zauna jarrabawarta. Maƙwabciyar nan da ta ɓoye nata kayan ita ma shiru, har yau muna tsokanarta.

Ni a littattafaina da zarar yarinya ta shiga matsi sai in kawo wani Alhaji da tsaleliyar mota ya share mata hawaye, ku ma kuna jin daɗi. A gidan Yaya babu Alhajin da ya zo. Don haka ƙannena ku saurara da kyau.

Tun kina makaranta ki tsayar da sunanki iri ɗaya, yadda yake a takardar haihuwa haka a takardar jarrabawa, haka a NIN, haka a banki, ko harafi kada ya canza. In kin yi aure kada zumuɗin amarci ya sa ki sauya a wuri ɗaya ki bar sauran. Layin wayarki ya zama da sunanki, asusunki ma haka. In kina sana'a, ko ƙuli kike yi ko kitso ko lalle, ki sayi littafi mai ganye arba'in ki riƙa rubuta abin da ya shigo da wanda ya fita kullum, ranar da aka tambaye ki sai ki haɗa na shekara ki raba goma sha biyu. Ki riƙa bi da wasu kuɗin ta asusu don ya zame miki shaida, ki kuma shiga ƙungiyar masu sana'arki in akwai. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi a sa sunanki, ko ya nemi lambar sirrin katinki ko lambar da banki ya turo miki, ɗan damfara ne ko da wane irin baki ya zo. Sannan in an ce ana ɗaukar suna ki je ki bayar, haƙƙinki ne ba roƙo ba, amma kada ki rufe sana'arki saboda shi.

Su kuma masu tsara abin, idan Allah Ya sa 'yar ɗayansu tana karanta wannan fili, ki gaya wa Baba cewa keken ɗinki ba arziki ba ne, abin neman tuwo ne. A riƙa tambayar mace abin da ya rage mata bayan ta sayi zare da mai, a kuma tambayi na shekara, ba na watan sallah kaɗai ba.

Yaya yanzu littafinta na biyu take ciki, ranar nan ma ta nuna mini wata mata da ta ci mata kuɗin ɗinki tun bara, da babu rubutu da an manta. Wadda irin haka ta taɓa faruwa da ita ta rubuto mini, zan buga ba tare da suna ba. Maganar lefe kuwa tana nan tafe a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa albarka a sana'o'inmu. Taku har kullum, ku huta lafiya.