Baƙo Iri Biyu A Ƙofar Asibiti

Ga shi an kai gero rumbu, kowace tasha kuwa ta cika da samarinmu masu haramar cin rani, waɗansu kudu za su yi, Kano da Ikko da Kumasi da Abijan, waɗansu arewa, Tamanrasat da Sabha. Kowannensu ya yi lissafin kuɗin mota da na guzuri, ya yi lissafin abin da zai aiko gida kafin damina. Amma a tambaye shi, in ciwo ya kama ka can, wa zai kai ka likita, wa zai biya? Sai ya ce Allah ya kiyaye. Amin. To, amma mun ga wani baƙon a cikin ƙasarmu, shi kuwa ba a bar maganar lafiyarsa ga addu'a kaɗai ba.

Mu fara da Nasara, tun da shi ya kawo asibiti, shi kuma ya raba shi biyu. A 1897 wani likitan Ingila, Ronal Ros, ya gano sauro ne ke ɗauke da zazzaɓi. Mai hankali sai ya ce to a yaƙi sauro ko'ina yake. Masu mulkin mallaka kuwa abin da suka fi riƙewa shi ne a nisanta gidan Bature daga gidan baƙar fata, wai jinin 'ya'yanmu sauro ke tsotsa ya kai musu. A Nijeriya Gwamna Lugga ya sa a bar fili yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. A Yamai, bayan an ɗauke gwamnati daga Damagaram a 1926, sai aka kafa bariki bisa tudu inda iska ke kaɗawa, kwarin Gunti Yena ya raba shi da garin talakawa. Asibiti ma haka ya bi. A Dakar akwai babban asibiti na Turawa da sojoji, akwai wani dabam wanda sunansa ma asibitin 'yan ƙasa. A Akara an buɗe wa baƙar fata Korle Bu a 1923, Turawa kuwa suna da nasu can unguwar Rij.

Ba mu ce ba su yi kome ba. A 1905 Gwamna Janar Rume ya kafa aikin likita na 'yan ƙasa a Afirka ta Yamma ta Faransa, aka yi ta yawo ƙauye ƙauye ana lamba saboda agana, aka yaƙi ciwon barci da sanƙarau, kuma rayuka da yawa sun tsira. Amma wanda ya karanta takardunsu ya san dalili, gawa ba ta biyan lanho, ba ta aikin hanya, ba ta shiga soja. A 1918 aka buɗe makarantar likita a Dakar, yaro ya yi shekaru yana karatu, ya fito ya fi wani Baturen sanin ciwon ƙasar, amma sunan da za a ba shi mataimakin likita. Hufwet Bwanyi na Kwaddibuwa da wannan suna ya fito a 1925.

Abin da muke so 'yan reshe su lura da shi shi ne, ba ginin asibiti kaɗai ke tsare lafiyar Bature ba. Takarda ce. Tun kafin ya bar Faransa an rubuta masa albashinsa, da kinin ɗinsa, da hutun da zai koma gida ya yi, da jirgin da zai ɗauke shi in ciwo ya fi ƙarfin likitan bariki. Mulkin mallaka ya ƙare a 1960, amma wannan takarda ba ta ƙare ba. Yau ma baƙon da kamfani ko ofishin jakada ko ƙungiyar agaji ta kawo, ko Bature ne ko ɗan Sin ko Baturke, ba ya sa hannu sai an nuna masa inshora. In zazzaɓi ne a kai shi asibitin kuɗi mai sanyi a babban birni, in abin ya yi tsanani jirgi ya zo da likita a cikinsa. Faransa har asusu na musamman take da shi domin 'ya'yanta mazauna ƙasashen waje, su riƙa zubi, in sun yi ciwo ko'ina a duniya a biya musu. Ba hassada muke yi ba. Ƙasarsa ta san sunansa, ta san inda yake, ta san jininsa yana da tsada, iyakar zancen ke nan.

Yanzu mu juya ga namu baƙon. Kakanninmu da suka tafi Gwalkwas aikin koko da haƙar zinariya da dako a kasuwar Kumasi, ba takardar da ta bi su. Mai gidansu na zango shi ne jakadansu, shi ne asusunsu. In mutum ya kwanta shi zai nemo mai magani, in ya cika shi zai sayi likkafani ya aika gida da labari. Allah ya saka wa waɗannan masu gida da alheri, sun yi aikin gwamnati ba albashi. Amma ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, sai ga mai gida da baƙonsa, da mai lafiya da majinyaci, duk a bayan babbar mota ɗaya.

Na yau ya fi na jiya wuya ta wani gefen, domin mai cin ranin da ba shi da takardar zama tsoron asibiti yake ji fiye da tsoron ciwo. A ƙofa za a tambayi suna da takarda, daga takarda kuwa sai 'yan sanda. Saboda haka sai ya sayi ƙwaya a bakin titi ya haɗiye, ya koma aiki. Mu da ke tsaye gaban allo muna ganin ƙarshen abin a cikin aji. Akwai yaron da ubansa magini ne a arewa, ya faɗo daga bisa gini, ƙafa ta karye, mai aikin ya ba shi ɗan abin da ya ba shi ya ce kada ya sake ganinsa. Abokan ɗakinsa suka ɗaure ƙafar da katako, suka haɗa kuɗin mota. Kafin ya iso gida ƙafar ta ruɓe, sai yankewa. Kuɗin shekara biyu ya tafi a jinyar wata biyu, yaron kuwa ya bar lakwal yana tura baro a kasuwa, ga shi shi ne na ɗaya a lissafi. Kowane reshe yana da irin wannan labari, ba sai mun ƙara ba.

Wani ma ba ya kai ga ƙofar asibitin. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawansu daga ƙasar Kance, ƙishirwa ta kashe su. Waɗanda ake korowa kuwa, an sha sauke su a wurin da ke da nisan kilomita 15 daga Asamaka a ce su ƙarasa da ƙafa, da mai ciki da mai rauni.

Gaskiya dai ba ko'ina ƙofa ke rufe ba. Faransa ta kafa taimakon jinya a 2000 domin baƙon da ba shi da takarda in ya wuce wata uku a ƙasar, ko da yake 'yan siyasarsu kullum suna jayayya a kansa. Gana ta yi dokar asusun lafiya a 2003, mazaunin ƙasa ya yi rajista ya sami kati. Amma wa ya gaya wa ɗan Tasawa wannan kafin ya hau mota? Kuma kada mu manta mu ma masu masauki ne. Mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato sun tsero wa 'yan bindiga zuwa jihar Maraɗi tun 2019, maƙwabtanmu na kudu kuwa sun daɗe suna zuwa asibitin Galmi wanda aka buɗe a 1950, kamar yadda namu ke zuwa Katsina da Kano. Wanda ke so a duba ɗansa a Sabha, kada ya harari ɗan wani a layin likita na garinsu.

Akwai baƙo na uku, shi ne ya fi ba mu kunya, watau babban mutum namu wanda ya ɗauki takardar Bature ya sa sunansa a kai. Shugaba Saini Kunce a asibitin Faris ya rasu a 1987. Eyadema na Togo cikin jirgi ya cika a 2005 ana kai shi waje magani. Shugaba 'Yar'aduwa ya yi wajen wata uku a asibitin Jidda daga ƙarshen 2009, ƙasa tana zaune ba mai riƙe da ita sosai. Buhari a Landan ya rasu a 2025. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ba ciwonsu muke zargi ba, kowa na ciwo. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya san ba zai taɓa kwanciya bisa gadon nan ba, ba zai damu ko gadon yana da katifa ba. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin sa kashi 15 cikin 100 na kuɗin gwamnati a aikin lafiya. Kaɗan ne ƙwarai suka cika. Talaka kuwa tun shirin Bamako na 1987 aka ce ya riƙa biya da kansa, a Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake sayowa waje ya yi tsalle. A 2006 aka ce yaro ƙasa da shekara biyar kyauta ne, muka yi murna, sai gwamnati ta riƙa jinkirin biyan ɗakunan shan magani abin da suka kashe, kanta ta zama wayam, uwa ta fito da takarda ta nufi farmasi.

Wani zai ce ai an gina babban asibiti a Yamai a 2016, an kuma rage kuɗin ganin likita a 2024. Haka ne, kuma mun yaba. Amma har yanzu likita ɗaya yana ɗauke da mutum fiye da dubu goma, yawancin likitocin kuma suna birni. Shekarar 2023 ta koya mana karatu, da aka rufe iyaka magani ya yi wuya, da ofishin jakadan Faransa ya daina ba da biza sai manyan da suka saba tashi suka ga ashe su ma asibitin gida ne nasu. Muna fata kada a manta da wannan karatu don an sami sabuwar hanya zuwa Maroko ko Turkiyya ko Indiya. A buga wa jama'a kowace shekara nawa aka kashe wajen kai mutane waje magani, da matsayin waɗanda aka kai, mu gani ko akwai manomi ko ɗaya a ciki.

Sa'an nan ga maganar iyaka. Yarjejeniyar 1979 ta ƙasashen Afirka ta Yamma ita ta ba ɗanmu damar shiga Gana da Kwaddibuwa da Nijeriya ba biza. Ƙasarmu ta fita daga ƙungiyar a Janairu 2025. Duk sabuwar takardar da za a rubuta da maƙwabta, lalle a sa maganar majinyaci a ciki, kada a tsaya ga albasa da shanu. Jakadunmu kuma su san hanyar asibiti da gidan yari na garin da suke, ba hanyar filin jirgi kaɗai ba.

Amma ba za mu zauna jiran Yamai ba. Kowane reshe ya sami littafi, a rubuta sunan duk wanda ya tafi, da garin da ya nufa, da mai gidan da zai sauka wurinsa. A gaya masa ya yi allurar shawara ya riƙe katinsa, kada ya sayi na jabu a tasha. 'Yan gari ɗaya da ke zango ɗaya su kafa asusun ciwo tun ran da suka karɓi kuɗin aikin farko, ko jika ɗaya ɗaya ce a wata, a danƙa wa mutum biyu, kada a bar wa ɗaya. Wanda kuma ya dawo da tarin da ya wuce mako biyu, a raka shi likita kafin ya kwana ɗaki ɗaya da yara.

Magatakardan reshe ya karanta wannan a taron ranar kasuwa, da ƙarfi, domin waɗanda ba su yi lakwal ba, a kuma kira mata su ji tun da su ake bar wa jinya. Reshen da ya riga ya kafa asusu irin wannan ya aiko mana da bayanin yadda suke zubi da yadda suke fitarwa, za mu buga shi a fitowa ta gaba.