Har Yaushe Za Mu Juya wa Kogin Kaduna Baya?

Ya 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, muna da wata magana da za mu ajiye a gabanku, ko da yake mun san tun kafin mu rufe baki wasu za su yi mana dariya. Maganar kuwa ita ce ta tseren kwale-kwale. Mu da muke kwana a Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa da Sabon Tasha, kullum safiya sai mun tsallake Kogin Kaduna kafin mu kai aji, da yamma kuma mu sake tsallakowa. Sau biyu a yini muke bi ta kansa, amma in ban da mai leƙawa ta tagar mota don ya ga ko ruwa ya ƙaru, babu wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Kogin da aka ce garin nan ya ci sunan kadojinsa, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya yi tafiyar kilomita wajen 550 kafin ya faɗa Kwara, yau a idon ɗan makaranta bai wuce wani dogon kwata da ke jawo cunkoson motoci a bakin gada ba.

A zangon karatun da ya wuce, wasu 'yan kaɗan daga cikinmu suka rubuta wa kwamitin wasanni na makarantarmu takarda, suna neman a yarda su kafa ƙungiyar tuƙin kwale-kwale, a kuma shirya tsere sau ɗaya a shekara tsakanin manyan makarantun da ke garin nan. Takardar ta yi wata biyu a kan tebur. Da amsa ta zo, a baki aka ba da ita, kuma dalilai uku aka kawo: wai wasan Turawa ne, wai babu kuɗi, wai kuma in wani ya nitse wa zai ɗauki alhaki. To, tun da ba a ga dama an rubuta mana amsa ba, mu za mu rubuta tamu a nan, ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da batun wasan Turawa. Gaskiya ne duk wanda ya ji an ambaci tseren jirgin ɗalibai, zuciyarsa Ingila take tafiya, inda jami'o'in Oksfod da Kembirij suka fara karawa a shekarar 1829, suke kuma ci gaba a kan Kogin Tems, nisan kusan kilomita 7, matuƙa takwas a jirgi ɗaya da mai riƙe akala guda. A Amurka ma Harvard da Yale sun soma tasu a 1852. Amma abin da masu wannan magana ba su sani ba shi ne, 'ya'yan masu hannu da shuni ba su suka ƙirƙiro wasan ba. Tun a 1715, fiye da shekara ɗari kafin ɗaliban su shigo, 'yan fito na birnin Landan, talakawa masu tsallakar da mutane don su sami na abinci, suke tserensu a wannan kogin. Daga baya masu kuɗi suka karɓe wasan, har suka kafa doka cewa duk mai cin abinci da ƙarfin damtsensa, lebura ne ko makaniki, ba zai shiga gasarsu ba, dokar da ba a soke ta ba sai a ƙarshen shekarun 1930. Wato ko a can ma, sana'ar talaka ce aka ƙwace aka sa mata rigar kwat.

Mu kuwa a nan, ina ruwanmu da aro? A Argungu, inda aka mayar da bikin kamun kifi babban taro tun 1934, akwai Kabanci, wanda a cikinsa ake tseren kwale-kwale da nutso da kamun kifi da hannu a kogin Matan Fada. A Yawuri akwai Rigata. A Fategi, daidai inda wannan kogi namu yake haɗuwa da Kwara, Nufawa sun daɗe suna nasu bikin tseren jirage. Sarkawa da Kabawa da Nufawa ba su jira wani Bature ya koya musu riƙon filafili ba. Bambancin kawai shi ne, matuƙin Oksfod yana zaune a kan kujera mai zamewa, filafilinsa a ɗaure da gefen jirgi, ya ba inda za shi baya, namu kuwa yana fuskantar gaba, filafilinsa a hannu. Numfashin ɗaya ne, ciwon kafaɗar ma ɗaya ne.

Ku tuna da abin da ya faru a bikin FESTAC na 1977. An yi tseren jirage a Legas, aka yi babbar daba ta hawan dawaki a nan Kaduna. Kamar tun daga ranar muka sa hannu cewa ruwa na mutanen Kudu ne, mu namu doki. Amma doki na sarki ne da hakimi da attajiri. Ɗan masunci na Yawuri shi ma ɗan Arewa ne. Kuma abin mamaki, ba mu taɓa jin an kira folo wasan Turawa ba, alhali kuwa sojojin mulkin mallaka ne suka kawo shi, ga shi nan har gobe ana buga shi a tsakiyar garin nan, manya suna zaune a inuwa suna tafi. Ƙwallon ƙafa fa, a Daura aka ƙirƙiro ta? Ashe dai ba Turancin wasa ne laifinsa ba. Laifin kwale-kwale shi ne warin kifi da yake yi, kuma ɗan boko ba ya son abin da zai tuna masa da inda ya fito. A ajinmu akwai wanda ya tashi a bakin ruwa, ya iya tuƙi tun kafin ya iya baƙi da wasali, amma sai da muka shekara biyu tare kafin ya yarda ya faɗi sana'ar mahaifinsa. Makarantar da ta koya wa yaro jin kunyar gwanintarsa, ta cuce shi ko da ta ba shi digiri.

Sai batun kuɗi. Ba za mu yi musu ba, irin siririn jirgin nan da ake shiga gasar Olamfik da shi, a kan nisan mita 2,000, yana da tsadar gaske, kuma daga waje ake kawo shi. Amma wa ya ce shi muke nema? Kwale-kwalen katako muke nema, irin wanda masu fito da masu haƙar yashi suke aiki da shi a wannan kogin kowace rana, da filafilai, da rigunan kariya daga nitsewa. Muna da sassan koyon injiniya a manyan makarantun Kaduna da Zariya, inda kowace shekara ɗalibai suke ƙera abubuwan da ake jibgewa a sito ƙura ta rufe su. Me zai hana a ba su aikin ƙera jirgin tsere? Kuma kada mu ɗora wa hukuma laifin duka. Ƙungiyarmu ta ɗalibai ma, abin da take kashewa a daren liyafa guda, da buga riguna da kalandu masu hotunan shugabanninta, ya isa a sayi jirage a fara. Kuɗin wasanni da muke biya kowace shekara kuwa, muna da haƙƙin mu tambayi inda yake zuwa.

Dubi irin asarar da rashin farawa yake jawo wa ƙasa. Nijeriya mai Kwara da Binuwai da bakin teku ba ta taɓa tura matuƙi a wannan fanni zuwa Olamfik ba sai a 2016 a birnin Riyo, kuma wadda ta je, Chierika Ukogu, a Amurka aka haife ta, a jami'ar Stanford ta yi tuƙi, ta hanyar intanet kuma ta nemi gudummawar jama'a kafin ta iya shiri. Wato jami'ar wata ƙasa ce ta horar mana da ita. A gasar Tokiyo sai Esther Toko ta biyo baya. Maƙwabciyarmu Nijar ta tura Hamadou Djibo Issaka zuwa Landan a 2012 bayan horon 'yan watanni kawai. Shi ya zo na ƙarshe, 'yan kallo suka yi ta yi masa tafi don ƙarfin halinsa, amma mu ba tafin tausayi muke nema ba. A wannan gasa ta 2012 ɗin ce Afirka ta Kudu ta ci zinare a jirgin mutum huɗu, cikinsu har da baƙar fata Sizwe Ndlovu, kuma ba daga sama abin ya faɗo ba, domin jami'o'in ƙasar sun daɗe suna tseren jirage a tsakaninsu kowace shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalili na uku, wato tsoron nitsewa, shi ne ya fi nauyi, kuma shi ne a ganinmu babbar hujjar da take bayanmu. A watan Mayu na 2021 jirgi ya kife kusa da Warrah a Jihar Kebbi, mutum fiye da ɗari suka salwanta. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekarar wani ya kife a madatsar ruwa ta Watari a Bagwai, mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara 'yan Islamiyya masu tafiya Mauludi. A watan Yuni na 2023 'yan biki fiye da ɗari suka halaka a yankin Fategi. A nan gida ma, ba mu manta da ambaliyar 2003 da ta 2012 ba, yadda ruwa ya shiga gidajen da ke gaɓar kogi. Duk lokacin da irin wannan ya auku, sai a yi ta'aziyya, a kafa kwamiti, a manta. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma lodin da ya wuce kima da tafiyar dare da rashin rigar kariya, waɗannan aikin mutum ne. Gobe mu ne za mu zama sakatarorin ƙananan hukumomi da jami'an agajin gaggawa da malaman makaranta. Yaya wanda bai taɓa shiga kwale-kwale ba, bai iya ninƙaya ba, bai san yadda ake ɗaura rigar kariya ba, zai tsara wa mutanen bakin ruwa doka su saurare shi? Nisantar ruwa ba ya hana nitsewa, saninsa ne yake hanawa.

Mun san kogin nan yana da halinsa. Da rani duwatsu ne da rairayi, da tsakiyar damina kuwa ba a wasa da shi. Don haka da kaka ya kamata a yi tsere, bayan ruwa ya kwanta, a wurin da masu fito da masunta suka nuna, domin su suka san inda rami yake da inda dutse ya ɓuya. Mun san da tsargiya, mun kuma san da ƙazanta. Tun da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, wasu masana'antu suka biyo baya, magudanan Kakuri da Makera suke kwarara abin da suka kwaso cikin kogi. Iyayenmu suna ba da labarin yadda launin ruwan magudana yake sauyawa gwargwadon rinin da aka yi a ranar. Masaƙun sun rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, dubban ma'aikata suka rasa abin yi, amma ƙazanta ba ta tafi ba, leda da shara da bahaya suka gaje ta. Da wannan ruwan ake ban-ruwan alayyafo da latas ɗin da muke saye a kasuwa. An iya yi wa kogin haka ne domin babu mai murya da yake zama a kansa. Masunci ya yi kuka ba a ji. Amma a 2024, da matuƙan Oksfod da Kembirij suka koka da ƙazantar Kogin Tems, jaridun duniya sun ɗauka. Ranar da ɗalibai hamsin za su riƙa sauka kogin nan kowane mako, ranar za a sami shaidu hamsin masu alƙalami.

Akwai kuma wata magana da ba a son faɗa a fili. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002, kogin nan ya zama kan iyaka. Mutane suka kwashe kayansu, kowa ya koma ɓangaren da masu addininsa suka fi yawa, har ta kai akwai samarin da aka haifa a wannan gari da suke jin tsoron yamma ta yi musu a ɗaya hayin. Mu da muka tashi a cikin wannan hali, aji ne kawai yake haɗa mu, shi ma kowa da layin da yake zama. Ba mu ce tseren kwale-kwale zai warkar da abin da manya suka ɓata ba. Amma jirgi ba ya tambayar sunan matuƙi. In na dama ya ja na hagu ya yi sanyi, jirgin zagaye zai yi ta yi a wuri ɗaya, in kuwa ya kife, da ɗan Tudun Wada da ɗan Sabon Tasha tare za su sha ruwa. Wanda ya shekara yana tashi da asuba yana daidaita numfashinsa da naka, da wuya wani ɗan siyasa ya sayar masa da labarin cewa kai maƙiyinsa ne.

Saboda haka ga abin da muke nema. Majalisar ɗalibai ta amince da kafa ƙungiyar tuƙi, maza da mata, ta ware mata kaso daga kuɗin wasanni, ta kuma buga lissafin kuɗin kowa ya gani. Kada a bar kowa ya shiga jirgi sai ya ci jarrabawar ninƙaya, ya kuma sa rigar kariya. A ɗauki masu fito da masunta a matsayin malamai, a biya su ladan aikinsu, a kuma girmama su kamar yadda ake girmama kowane malami. Ɗaliban kimiyya su riƙa auna ruwan kogin suna liƙa sakamakon a allon sanarwa. A gayyaci sauran manyan makarantun Kaduna da Zariya a tsayar da ranar tsere, da sharaɗin kowane jirgi ya haɗa 'yan hayin nan da 'yan hayin can. Ku kuma yayyenmu da ke ma'aikatun wasanni da na muhalli, in takardarmu ta iso teburinku, ku tuna ku ma ta kan wannan gadar kuke bi.

Wanda yake ganin mun yi kuskure, ga fili ga mai doki, shafin nan a buɗe yake, ya rubuto a buga. Amsar baki a ƙofar ofis dai mun gaji da ita. Allah ya sa mu dace.